Yaushe za a sayo hatsi a mangaza?

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, in akwai bankin cimaka a garinku, to kun san mangaza. Ɗaki ne mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, da kwaɗo biyu ko uku. Da kaka ake cika shi da buhunan hatsi da dawa, lokacin da kaya suke da araha. Da damana ake buɗe shi, a saida ma mutanen gari tiya-tiya, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa.

Tun da yanzu hannunka ya iya riƙe bik, sai ka shirya. Wata rana za a yi taron gari a gindin itace, a nemi wanda za ya riƙe kayen mangaza, kowa ya juyo ya dube ka. Shekara 16 ke nan ina koya ma manya karatu a ƙauyukan arewacin Maradi. Kusan kowane aji muka gama, sai an ɗauki mutum ɗaya ko biyu a cikinsa an ba su wannan aiki. Wani ya zama magatakarda, wata ta zama ma'aji, wani a ba shi makulli.

Ranar da aka ba ka makulli, akwai tambaya ɗaya da za ta riƙa bin ka har gida. Yaushe za a tafi a sayo wani hatsin? In ka tambayi mutane, za su ce maka: «In ya kusa ƙarewa mana!» To, wannan amsar ce take sa gari ya kwana da yunwa, alhali kuɗɗi suna kwance cikin akwati.

Kuma ka san abin da ke faruwa in mangaza ta yi sati biyu ba komi a tsakiyar damana. Magidanci za ya bar gonarsa ya tafi barema a gonar wani, don ya samo tiya biyu ta ranar. Shi yana noma ma wani, haki yana cin tasa gonar. Da kaka ya sami dami kaɗan. Baɗi rumbunsa ya ƙare tun da wuri, ya sake komawa barema. Wata kuma za ta saida akuyar da take ji da ita, a bakin kuɗɗin da ba su kai rabi ba. Sati biyu ne kawai, amma wani gidan sai ya yi shekara biyu bai miƙe ba.

Ajiyar hatsi ta gari ba sabon abu ba ce. Bayan yunwar 1931, Nasara sun tilasta ma garuruwa yin rumbunan ajiya, kuma mutane ba su so su ba, don da ƙarfi aka yi su. A 1970 gwamnati ta kafa OPVN, ma'aikatar da ke ajiye cimaka ta ƙasa baki ɗaya. Bankin cimaka irin wanda muka sani, wanda mutanen gari suke riƙewa da kansu, ya fito a ƙasashen Sahel bayan farin 1973 da 1974, ya yaɗu a wajenmu bayan yunwar 1984. An gina mangaza da yawa tun lokacin. Ka zagaya ƙauyuka ka gani. Wasu suna aiki har yau. Wasu kuwa ba komi cikinsu sai jemagu. Cikin waɗanda na gani sun mutu, ba duka ba ne ɓarawo ya kashe. Da yawa rashin lissafi ne.

Lissafin nan kuwa kun riga kun san shi, ba ku dai rubuta shi ba ne. Dubi mai ƙosai. Ta san tiya nawa ta wake take niƙawa kowace safiya. Ta san kasuwa sau ɗaya take ci a sati. In ranar kasuwa ta zo, ba ta duba ko akwai wake a ɗaki yau. Abin da take dubawa shi ne: wanda ya rage za ya kai ta wata kasuwar? In ba za ya kai ba, yau za ta saya, ko da kwaryarta a cike take. Aikin mangaza shi ne wannan. Sai dai buhu 200 sun fi ƙarfin a riƙe su da ka, shi ya sa ake neman mai kaye.

A kaye gida huɗu za ka ja da layi. Gida na farko, kwanan wata. Na biyu, abin da ya shiga. Na uku, abin da ya fita. Na huɗu, abin da ya rage. Hatsi da shafinsa, dawa da shafinta, kada ka haɗa su. Kuma ka rubuta nan take, mutum yana tsaye gabanka. Kada ka ce sai da dare. Da dare akwai gajiya, akwai baƙi, fitila kuma ba ta da batir.

In ka yi sati huɗu kana rubutawa, kayen za ya gaya maka abu na farko da kake bukata: buhu nawa ke fita a sati. A ce cikin watan Yuni buhu 10 ke fita. Kada ka zauna a kan wannan 10. Cikin watan Agusta rumbunan da suka rage su ma sun ƙare, masu saye sun ƙaru, har da na ƙauyukan kewaye. Sai ka ga 15 ke fita. In akwai kayen bara, buɗe shi ka duba watan Agusta. Tsohon kaye ba abin kunna wuta ba ne, kuma ba na ƙunshe tsire ba ne. A ajiye shi.

Abu na biyu shi ne wanda mutane suka fi mantawa: kwana nawa hatsi yake yi kafin ya iso? Za ka ce, ai kasuwa ba nisa, mota yini ɗaya ce. Bari mu ƙidaya tare. Yau ka ga ya kamata a saya. Sai an kira ƴan kwamiti, shugaba kuwa ya tafi suna wani gari, sai jibi. An zauna an yarda. Sai ma'aji ta ƙidaya kuɗɗi gaban shaidu. Sai a jira ranar kasuwa. An je an saya, sai neman mota ko amalanke. Mai mota ya ce ba ya tashi sai ya cika lodi. Da rani duk wannan za ya iya ɗaukar sati ɗaya. Da marka fa? Ruwa ya sauka, gulbi ya kawo, hanya ta yanke, mota ta kafe a laka. Wanda yake zaune ƙetaren Gulbin Kaba ko Gulbin Maradi ya san abin da nake faɗi. Sati ɗayan nan sai ya zama uku.

To, ɗauki bik ka yi wannan lissafin a gefen takarda. Buhu 15 ke fita a sati. Hatsi yana yin sati 3 kafin ya iso. 15 sau 3, 45 ke nan. Wato daga ranar da kuka ce a saya zuwa ranar da mota ta tsaya a ƙofar mangaza, gari za ya ci buhu 45. In kuka jira har saura buhu 10, kwana biyar kawai za su yi, sauran kwana 16 ƙofa a rufe.

Kuma 45 ɗin ba su isa ba. In motar ta lalace fa? In aka je kasuwa aka tarar ba kaya? Sai a ƙara na sati ɗaya a kai, don tsaro. 45 da 15, 60. Wannan 60 ita ce amsar tambayarmu. Ranar da gidan «abin da ya rage» ya nuna 60, ranar za a kira kwamiti. Garinku ba lalle ya zama 60 ba. Wani gari 20 ne, wani 100. Naku kayen da taku hanyar su za su ba ku naku adadin.

Faɗin wannan a aji yana da sauƙi. A gaban dattawa ne yake da wuya. A wani gari da na koyar, wata ɗalibata ce ke riƙe da kaye, mace mai ɗiya shidda, wadda ta fara rubuta sunanta tana da shekara kusan 40. Ta kira taro cikin watan Yuli ta ce a tafi saye. Wani dattijo ya leƙa mangaza, ya ga buhuna jibge har sun wuce kansa. Ya ce: «Ke ɗiyata, wannan duk ba hatsi ba ne? Ko karatun ne ya sa idonki ba ya gani?» Mutane suka yi dariya. Ba ta yi fushi ba. Ta ce: «Baba, hatsi ne. Amma na sati huɗu ne. Bara da muka aika, sati nawa mota ta yi?» Ya yi shiru, sannan ya ce uku. Ta ce: «To Baba, in mun jira sati biyu, wa za ya ciyar da mu na ƙarshen?» Dattijon bai ce ta yi gaskiya ba, dattawa ba su cika faɗin haka ba. Cewa ya yi: «A nemo mai mota.»

Daga baya ta yi wata dabara da nake koya ma kowane aji yanzu. Ta sa aka jera buhuna goma-goma a jikin bango ɗaya. Ta ƙidaya har inda buhu 60 suka tsaya, ta ja layi da gawayi a bango daga sama har ƙasa. Ana ɗiba daga wajen ƙofa. Ranar da ɗiba ta kai layin, ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san lokaci ya yi. Ba sauran gardama a taro.

Saura tambaya ta biyu, wadda take manne da ta farko: nawa za a sayo? Nan kuma tsoro ne yake ɓad da mutane. Wanda ya taɓa ganin mangaza ba komi, so yake a kwashe kuɗɗin akwati duka a cika ɗaki. Cikin watan Yuni wannan ba laifi. Cikin watan Agusta kuwa hatsari ne. Hatsin da za ku saya a lokacin shi ne mafi tsada a shekara. Nan da ƴan makwanni yara za su fara gasa tumu, a fara cin ɗanyen wake, masu zuwa mangaza su ragu. Sabon hatsi yana shiga kasuwa, farashi ya faɗi. In buhu 70 suka kwana muku a ɗaki, waɗanda kuka saya da tsada, dole ku saida su da hasara, ko ku riƙe su shekara guda kuɗɗinku a ɗaure.

Saboda haka sai a ƙidaya makwannin da suka rage kafin sabon hatsi. A ce saura sati 6. 15 sau 6, 90. Akwai 60 a ɗaki. Abin da ake bukata 30 ne, ba 100 ba. In gonaki sun yi kyau, a tsaya nan. In ruwa ya ɗauke, hatsi yana bushewa a tsaye, to lissafi ya canza, a ƙara. Mai kaye ba a ɗaki kawai yake aiki ba. Ya riƙa zagaya gonaki yana dubawa.

Ya riƙa sauraren labari kuma. Hatsin da muke ci da farashinsa suna ɗaure da abin da ke faruwa nesa da mu. A 2004 ruwa ya yi ƙaranci, farin dango kuma suka sauka. Kafin damanar 2005 ta raba, buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni. Ina saurayi lokacin, na ga mata suna dawowa daga daji da anza da tafasa. Mangazar da ta saida kayanta tun da wuri da araha, tana cewa za ta sayo wani, ta je kasuwa ta tarar kuɗɗin buhu uku ba su sayen biyu. Iyaka ma haka. Tsakanin Maradi da Katsina da Kano, hatsi da masara suna kai da kawowa kullum. An rufe iyakar nan a 1984 zamanin Buhari, har tsofaffi suna kiran yunwar shekarar El Buhari. An sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga damanar 2023 zuwa Maris 2024. Duk lokacin da ka ji irin wannan labari a rediyo, ka san sati ukun nan na hanya za su iya zama biyar. Sai a goge layin gawayi a matso da shi wajen ƙofa.

Yanzu ma abin ya yi sauƙi. Da sai an aiki mutum kasuwa ya jiyo farashi. Yau akwai salula. Kafin ku tashi, ku kira mutum biyu ko uku a kasuwanni daban-daban, Tasawa, Mayahi, Dakoro, ko wadda ta fi kusa da ku. Kada ku tsaya ga bakin dillali ɗaya. Akwai kuma SIMA, ma'aikatar da ke bin farashin kayan gona a kasuwannin ƙasa.

Bari in tsaya kaɗan a kan kuɗɗi, don nan ne sababbin masu rubutu suka fi yin tuntuɓe. Mu da baki dala muke ƙidayawa. Takarda kuwa tamma take ƙidayawa, ita ce ake rubutawa da F. Dala ɗaya 5 F ce. Dala ɗari 500 F. Jika guda dala 200 ce, a takarda 1.000 F. Na ga kayen da mutum ya karɓi dala ɗari ya rubuta 100, gobe wani ya karɓi irin kuɗɗin ya rubuta 500. Da aka zo lissafi sai aka fara kallon ma'aji da wani ido, alhali ko dala ba ta ci ba. Ku zaɓi ɗaya. Ni shawarata a rubuta da F, don shi ne ke jikin takardar kuɗɗi da rasit.

Mi ya haɗa wannan da sayo hatsi? Ai da kuɗɗin buhun da ya fita ake sayo wanda za ya shiga. In kuɗɗin ba su kai ba, mangaza tana ramewa ba wanda ya lura. A ce kun sayi buhu 20.000 F. Mota ta ci 1.500 F, ƴan dako da sauran ƙananan abubuwa 500 F. Buhun ya tsaya muku 22.000 F. Ana cewa buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. Auna ka gani. Sau da yawa 38 za ka samu, wani lokaci har da tsakuwa da ƙaiƙayi. In kuka raba 22.000 F gida 40, tiya ta kama 550 F. Ku saida 38 a haka, 20.900 F za ku tara. Kowane buhu kun yi hasarar 1.100 F, kuna murna kuna taimakon gari. Buhu 100 kuwa, hasarar ta kai 110.000 F, kuɗɗin buhu biyar ke nan. In aka sa tiya 600 F, wato dala 120, buhu ya ba da 22.800 F. An mai da uwar kuɗɗi, an sami ɗan abin sallamar mai makulli. Shi ya sa nake cewa duk lodin da ya iso, a zaɓi buhu biyu ko uku a auna su gaban mutane kafin a yanka farashi.

Bashi kuwa, kowa ya san shi. Mutum za ya zo da dare, ɗan'uwanka ne, ko surukinka, ko na gidan maigari. Ba zan ce maka ka zama dutse ba. Amma buhun da aka ba da bashi ya fita, a gidan «abin da ya fita» za ka rubuta shi, da sunan wanda ya ɗauka a wani shafi. Kada ka bar shi cikin «abin da ya rage» don kana sa ran za a biya. Gari ba ya cin hatsin da ke cikin alkawari. Kuma kwamiti ne za ya yanke buhu nawa za a iya bayarwa bashi a shekara, a faɗa a taro, don nauyin ya sauka daga wuyanka.

Ko ba bashi, kaye da ɗaki sukan saɓa. Ɓera yana ci bai rubuta ba. Gara ma haka, da ɗigon rufi. Saboda haka sau ɗaya a sati, ku shiga ku biyu, ɗaya yana ƙidaya buhuna da hannu, ɗaya yana duba kaye. In kaye ya ce 72, ɗaki ya ce 70, ɗaki ne mai gaskiya. A nemi inda biyun suka shiga tun abin yana sabo, a gyara kaye, mutum biyu su sa hannu. Buhu kada ya taɓa ƙasa, a shimfiɗa itace ko katako. Kada ya jingina da bangon da ke tsatsafo da ruwa. Wanda ya riga shiga shi za ya riga fita, in ba haka ba tsohon ya zauna a lungu har ya zama gari. In kuna ajiye wake, ku nemi buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki, buhu a waje. Ya shigo ƙasarmu tun wajen 2007. In an ɗaure kowane riɓi tam, iska ba ta shiga, ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba magani ba.

Babban saye dai na kaka ne, tsakanin Oktoba da Disamba. Shi ne ke cika ɗaki, sauran duk ciko ne. Kafin ya zo, a fitar da abin da ya kwana, a share ɗaki, a toshe ramukan ɓera, a hau a duba kwano. A tara bashi tun hatsi yana hannun mutane, don bayan wata biyu an kai shi kasuwa ko an yi biki da shi. Sannan mai kaye ya buɗe shafukan damanar da ta wuce, ya haɗa duk abin da ya fita daga Yuni zuwa Satumba, ya karanta ma taro adadin da babbar murya. A kan wannan adadin za a yi ciniki, kuma a fara saye daga manoman garin kafin a nemi mota.